Inda Inazuwa Ta Kwanta

Tun da na dawo daga ƙauyen su Umma, abokaina na majalisar ƙofar gidanmu ba su bar ni na huta ba. Kowa ya gan ni sai ya ce, “Mutanen ƙasar waje, yaya hanya?” Tafiyar ba ta wuce awa biyu ba, amma na yi kwana uku, na dawo sanye da silifas na aro, babu kuma tef ɗin awon da na tafi da shi. Na ba da labarin da baki sau da yawa, kuma kowane lokaci sai in ji kamar na ƙara wani abu ko na rage. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don maganar gona ce, kuma ban nemi izinin kowa ba. Ya isa in ce yana tsakanin Kura da Bunkure, cikin yankin noman rani.

Mahaifiyata, Umma, ta gaji gona a wurin mahaifinta. Kawu Haladu, ɗan wan babanta, shi ne ke noma ta, duk shekara ya aiko mana da shinkafa da albasa. Wata ranar Lahadi ya bugo waya ya ce maƙwabcinsa na gabas, Malam Ya’u, zai sayar da tasa gonar ga ’yan awon igiya, masu yanka gonaki su mai da su filayen gini. Ranar Alhamis za su zo su ja igiya, ga shi kuma an kasa daidaitawa a kan iyaka. Umma na fama da ciwon gwiwa. Ni kuma na gama bautar ƙasa ina zaune, kuma labarin ƙasa na karanta a jami’a. Ta ce ai ga mai ƙasa a gida. Na so in yi mata bayanin cewa abin da muka karanta ba ainihin wannan ba ne, amma ban ga alamar za ta saurara ba.

Ta ɗauko takardar gonar daga ƙasan adaka. Da ajami limamin ƙauyen na wancan lokaci ya rubuta ta, ni kuma ajamina sai a hankali. Na bi ta da yatsa: yamma, hanyar ruwa, arewa, gonar liman, kudu, burtalin shanu, gabas, ina zuwa. Na sake karantawa. Na ce wa Umma takardar nan ba a gama ta ba, da alama an kira malamin ne yana cikin rubutu, ya rubuta uzurinsa ya tashi. Ta yi dariya har sai da ta goge ido da bakin mayafi.

Ashe Inazuwa mota ce. Tun Umma na yarinya wata roka, babbar motar kaya mai jikin katako, ta ɗauko tumatir ta lalace a bakin gonar kakana. Direban ya sauke kwanduna, ya ce zai je birni ya sayo ƙarfen da ya karye, ya ce wa mutane, “Ina zuwa.” Ba a sake ganinsa ba. Tayoyin suka sace, katakon jikinta ya ruɓe, darbejiya ta fito ta tsakiyarta, sunan kuma ya bi ta. Umma ta ce in na samu Inazuwa magana ta ƙare. Ta kwatanta mini hanya: daga Kura in bi bakin babban kanal har in ga wata Fijo marar ƙafa da kaji ke ƙwai a ciki, in karya hagu; in na kai tantan ɗin noma da ya mutu kusa da ƙofar ruwa, in miƙe, zan hango ta. Na rubuta duka a littafina. Sai daga baya na tuna rabonta da garin ya fi shekara goma.

Na tashi ranar Talata da safe daga Unguwa Uku. Na ɗauki tef, da kwafin takardar guda biyu ko ɗaya za ta jiƙe, da maganin sauro, da maganin ciki. A mota na sa ido in ga inda birni zai ƙare ƙauye ya fara, don a raina akwai wata iyaka da za a tsallake. Ban gan ta ba. Gini ya ɗan yi sauƙi, sai katangu marasa gida a ciki, sai wurin buga bulo, sai gonar masara tsakanin katangu biyu, sai kuma gini ya dawo. Wataƙila na yi gyangyaɗi a daidai wurin, amma ba na jin na yi.

Mutumin da ke kusa da ni, wani mai faɗin kafaɗa da tabon ƙuna a bayan hannu, ya leƙa littafina ya ga na rubuta Fijo da tantan. Ya tambaya ko sayarwa zan yi. Ɗan gwangwan ne, sana’arsa bin ƙauyuka yana sayen mataccen ƙarfe. Da na gaya masa abin da nake nema, sai ya girgiza kai ya ce in na samu ko ƙusa ɗaya a bakin kanal ɗin nan in kira shi ya ba ni tukwici. Ya ce da can ba mai kula su, don ɗaukarsu ya fi ƙarfin jaki. Yanzu kuwa hanya ta shiga ko’ina, suna zuwa da tukunyar gas su yanka mota kamar rago, kafin la’asar an loda ta.

Na ce to ina ake kai su?

“Narkawa ake, Malam, a yi rodi. Rodin ya dawo a zuba rufin siminti da shi. Gidan da ka gani a inda mota ta kwanta, ka duba da kyau, wataƙila ita ce ta miƙe tsaye.”

Ban san iya gaskiyar wannan ba, ban taɓa shiga inda ake narka ƙarfe ba. Amma daga nan har Kura duk ginin da na ga rodi ya leƙo ta samansa sai na tsaya kallonsa.

Kura ta tarbe ni da ƙamshin shinkafar da ake turarawa. Ko’ina an shanya ta a kan tamfol, injinan casa na ta ruri. Na ci shinkafa da wake da mai da yaji a wata rumfa, kuma tumatir da albasar da aka yanka mini a kai sun kusa fin shinkafar yawa. A unguwarmu da wannan tumatir sai a yi miyar gida guda. Na samu ɗan acaɓa, magidanci mai ɗan gemu, na fara karanto masa kwatancen Umma. Bai san wata Fijo ba, bai san tantan ba. Da na ambaci Inazuwa kuwa sai ya ce ai da na faɗa tun farko, in hau.

Mun bi bakin kanal, ruwa na gudu a hagunmu, kore ko’ina alhali bazara ta fara. Ina ta waige ko zan ga Fijo. A kwanar da nake zaton ita ce, shagon cajin waya na gani. A ƙofar ruwa babu tantan, sai wani ɗan fili baƙi da ciyawa ba ta fito ba. Can ɗan acaɓan ya tsaya a bakin sabuwar kwalta, inda ’yan adaidaita ke jiran fasinja, ga mai shayi, ga tulin bulo. Ya ce mun iso. Na ce ina motar? Ya ce wace mota? Shi dai tun da ya fara aiki nan ake ce wa Inazuwa, kuma a zatonsa don direbobi na yawan barin fasinja a zaune su tafi cin abinci ne. Mai shayin, wanda ya ɗan manyanta, shi ya warware mana. Da can a gindin rokar ake jiran mota. Da aka yi kwalta sai masu jira suka dawo nan, suka taho da sunan. Ita kuwa rokar tana can ciki, tafiyar minti goma sha biyar, kuma ’yan gwangwan sun yanke ta shekara huɗu ko biyar da suka wuce.

Na yi ta tunanin da a ce wani ya zo da takardarmu ya fara awo daga teburin mai shayi.

Na ƙarasa da ƙafa. Akwai ƙaramar hanyar ruwa da ake tsallakewa a kan bututu, na ga wata mata da tulu a ka ta wuce ba ta ko duba ƙasa ba. Ni da na kai tsakiya sai na tsaya ina lissafin ko in koma. Takalmina na hagu ne ya yanke hukunci, ya faɗa ruwa ya kama hanyar Bunkure. Haka na shiga gidan Kawu, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da safa.

An sauke ni a shagon ƙofar gida, ni da buhunan shanshera, shinkafar da ba a casa ba, da ƙamshin albasa. Matar Kawu, Baba Asabe, ta aiko da silifas da tuwon shinkafa miyar ɗanyar kuɓewa. Abu biyu na koya kafin magariba. Na farko, duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya ce, “Yaya ruwa?” A birni sai da damina muke wannan gaisuwa, don haka mutumin farko da ya yi mini ita sai da na ɗaga kai na dubi sama. Su ruwan kanal suke nufi, kuma ranar da ake sako shi ita ce ke tsara musu mako, har ɗaurin aure ana kauce mata. Na biyu, da na tashi zan yi alwala na ce, “Ina zuwa.” Sai soron ya ɗauki dariya. Baba Asabe ta leƙo ta ce in ajiye wayata tukuna. A garin nan ba a faɗin wannan kalma haka kawai. Duk wanda ya faɗa sai ya bar wani abu, tunda mai maganar na farko mota guda ya bari. Su sai dai su ce, “Yanzun nan.”

Ranar Laraba da hantsi muka fita gona, ni da Kawu da Malam Ya’u da mai unguwa. Darbejiya biyar ne a jere daga yamma zuwa gabas, a bakin burtali, tsakanin kowace da ’yar’uwarta faɗin fangali ɗaya, wato ɗan ɗakin da ake kewayewa da kunya don ya riƙe ruwa. Ta jikin motar ce uwa, sauran tsuntsaye ne suka shuka su, amma yanzu duk sun yi kauri ɗaya, a idona dai. Kawu ya dafa ta biyar, ta can gabas, ya ce nan Inazuwa ta kwanta, kuma har nan yake noma. Malam Ya’u ya dafa ta farko ya ce shi a nan ya yi wasa a kan sitiyarinta. Ba na jin ɗayansu ƙarya yake yi da gangan. Kawu dai tun da aka ɗauke motar kunyarsa take ɗan matsawa kowace shekara, shi kuma Malam Ya’u ya daɗe yana kasuwanci a Dawakin Kudu, bai cika leƙowa ba.

Duk suka juyo suna kallona. Na ciro tef na auna tsakanin bishiyoyin, na rubuta, na sake aunawa. Ban san me nake nema ba, amma na ga kamar ana sa ran in auna wani abu. Mai unguwa ya bari na gama, sannan ya ce in ba a samu shaida ba zuwa gobe da safe, za a raba gardama a bishiya ta uku.

Da azahar na koma ni kaɗai. Na tarar da wata tsohuwar Bafulatana zaune a inuwa da ƙwaryar nono, tana jiran masu cirar albasa su tashi. Goggo Dije sunanta, rugarsu na bayan burtali. Ta dube ni daga hula har silifas.

“Kai ne jikan Malam Audu da ruwa ya ƙwace wa takalmi? To angona, ai ba na auren mai ƙafa ɗaya.”

Na ce Goggo a yi haƙuri, za a sayi wani. Ta dama mini fura, na sha ina tunanin maganin cikin da na baro a shago. Ta tambayi abin da nake ta aunawa tun safe. Da na gaya mata sai ta ce ita tun tana amarya take sayar da nono a inuwar Inazuwa, a jikin ƙarfenta take rataye faifai. Ta nuna bishiya ta biyu da baki. A cikin rassanta, sama da kaina kaɗan, an jibge harawar wake, kamar yadda makiyaya ke yi don kada awaki su kai gare ta. Ta ce in ɗaga harawar.

Na taka saiwa na ɗaga. Ga shi nan: guntun ƙarfe mai lanƙwasa, kaurin hannun yaro, ya shiga ta gefe ɗaya na kututturen ya fito ta ɗaya. Itacen ya haɗiye shi, ɓawo ya rufe bakinsa kamar leɓe. Duka ƙarshensa biyu da alamar yankan wuta, kuma a ƙasan tsatsar akwai ragowar shuɗin fenti. Goggo ta ce masu yankan sun yi ta fama su zare shi, ya ƙi, suka yanke ta nan da nan suka tafi. Na ce me ya sa ba ta faɗa ba, ana ta gardama wata guda?

“Wa ya tambaye ni? Maganar gona ce ta manoma. In na sa baki, gobe saniyarmu ta taka kunya a ce da ma.”

Na mai da harawar yadda take. Na daɗe a tsaye. In na yi shiru, gobe za a raba a ta uku, Umma ta samu faɗin fangali guda fiye da haƙƙinta, tun daga burtali har gonar liman, Kawu kuma ya rage asara. Ba wanda ya gan ni sai Goggo, ita kuma ta riga ta ce ba ruwanta. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma na yi lissafin, har na yi shi sau biyu. Na kuma ce wa kaina ai ni ɗan aike ne, ba ni da ikon rage wa Umma gona.

Na kira Umma a waya. Na fara da cewa akwai wani abu da mai yiwuwa ne ya zama shaida, ko da yake ba a tabbatar ba, kuma ana iya fassara shi ta hanyoyi daban-daban. Ta katse ni.

“Sagiru, ka gani da idonka ko ba ka gani ba?”

Na ce na gani.

“To me kake tambayata?”

Sannan ta ce abu ɗaya take roƙo, kada a sare bishiyar.

Kawu na fara gaya wa, bayan sallar la’asar, don kada ya ji a gaban mutane. Ya ci gaba da jan carbi har ya gama. Sannan ya tambaya ko ƙarfen shuɗi ne. Na ce shuɗi ne. Ya ce to ita ce. Tuwon yamman nan ni kaɗai na ci, bai fito ba.

Ranar Alhamis ’yan awo suka zo da igiyarsu da turakun siminti a bayan akori-kura. Ban ambaci Goggo ba, na ce ni na hau na duba, wanda gaskiya ne ko da ba duka ba. Mai unguwa ya sa aka sauke harawar, kowa ya zo ya shafa ƙarfen. Malam Ya’u ya daɗe da hannunsa a kai, ya ce ashe nan ne, ya rantse da a ta farko yake ganinta. Shi da kansa ya ce a bar Kawu ya cire albasar da ya shuka a fangali ukun da ke tsakanin bishiya ta biyu da ta biyar kafin a kafa turke. Da na isar da roƙon Umma, babban ’yan awon ya ɓata rai ya ce reshen zai shiga filin mutum. Mai unguwa ya ce bishiyar iyaka ba a sare ta, a rubuta haka. Aka rubuta. Ko za a kiyaye bayan an yi gini, ban sani ba.

Da aka zo rubuta iyakar gabas a sabuwar takarda, ɗan awon ya ce a sa lambar turke. Limamin yanzu ya sa lambar, sannan ya ƙara da Inazuwa a gefe. Na roƙe shi ya ƙara cewa darbejiya ta biyu daga yamma, mai ƙarfe a ciki, ba tashar adaidaita ba. Ya dube ni ta saman tabarau, amma ya rubuta.

Ranar Juma’a da safe Kawu ya ɗaura mini albasa a buhu, ya ce in gai da Umma, in ce mata ya ji. Na biya ta burtali in yi wa Goggo sallama. Ta ce in an zuba gidaje a nan ba ta san ta inda shanu za su bi zuwa ruwa ba, amma dai ta ga inuwarta ta tsira bana. Na ɗauki buhuna, bakina ya riga ni, na ce, “To Goggo, ina zuwa.”

Ta miƙo hannu. “Wancan ya bar mota. Kai me za ka bari?”

Na laluba jaka. Tef ɗin ne ya zo hannuna. Ta ce ita me za ta auna, in rataye shi inda ake rataya. Na taka saiwa na rataye shi a jikin ƙarfen.

A gida na nuna wa Umma hoton a waya, ina jiran ta yi maganar fangali ukun. Ba ta yi ba. Ta matso da wayar kusa da fuskarta, ta sa yatsa a kan lanƙwasar ƙarfen, ta ce wannan mariƙin bayan kan motar ne, nan suke rataye ƙwaryar abincin babansu in sun kai masa gona, don kada tururuwa ta shiga. Sannan ta tambaya mene ne wannan rawayan da ke lilo a jiki. Na ce tef ɗina ne, na gaya mata dalili.

Ta miƙo mini wayar ta ce, “To ka san dai abin da ake kiran wanda bai koma ba.”